Ba Zan Bari a Matse Rubutun Yaya Ba

Gwaggo, don girman Allah ki ara min kunnenki. Na rasa wanda zai saurare ni har in kai aya, kowa sai ya katse ni da “ki yi haƙuri”. Tun kafin mu yi nisa bari in faɗa miki, ba haƙuri na zo nema ba, na ƙoshi da shi har wuya. Shawara nake so a kan yadda zan sa ƙanena ya gane cewa ni ce da gaskiya, tun kafin ya kwashe kayansa ya bar min ofis.

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa: Yaya, ni, sai Auta. Sana'armu haɗa wa mutane shafukan intanet. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran waya, tebur uku, da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Yaya ne ya kafa wurin, shi ya koya mana aikin tun ba mu san inda ake kunna kwamfuta ba. Bara Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Teburinsa na nan yadda ya bar shi, kullum ni nake goge shi.

Dole in ɗan yi miki bayanin aikin, in ba haka ba ke ma za ki ce na haukace kamar yadda dangi suke cewa. Duk shafin da kika buɗe a wayarki, akwai rubutu a bayansa da muke kira kod. Wani ɓangaren, HTML, shi ke faɗin abin da ke shafin, wannan kanu ne, wannan hoto ne. Wani kuma, CSS, shi ke yi masa ado, launi da girman haruffa da inda kowane abu zai zauna. Yaya ya rubuta babban fayil ɗaya na CSS, kuma a kansa muke ɗora shafukan duk masu hulɗa da mu, makaranta ce, kantin magani ne, masu kayan ɗaki ne. Shekara da shekaru yana gina fayil ɗin nan.

Da kin ga rubutunsa, Gwaggo! Kowane umarni da layinsa. Abin da ke cikin wani abu sai ya ɗan tura shi ciki, ta yadda ido zai gane uwa da 'ya'yanta. Tsakanin sashe da sashe ya bar fili. Mutum ne da ko ɗakinsa ba ya iya sharewa, amma in ka ajiye masa layi a karkace sai ya hana ka sakat. Sannan akwai abin da ake kira bayanin gefe, wato maganar da mai rubutu yake sakawa a cikin kod don ɗan Adam ya karanta, na'ura kuwa tsallake ta take yi. Wasu layi ɗaya suke rubutawa su wuce. Yaya kuwa hira yake yi.

A wajen launi ya rubuta: “Wannan shuɗin na sama ne bayan ruwa ya ɗauke. Mai makaranta zai ce a canja, ku ce masa to, ku bar shi yadda yake.” A wani wurin: “Kada ka taɓa layin nan. Na taɓa shi sau ɗaya, hoton shugaban makaranta ya gangara ƙasan shafi ya kwanta.” Akwai inda ya ce: “In kai ɗan koyo ne kake karanta wannan, sannu da ƙoƙari. Je ka ci abinci tukuna, kod ba ya gudu.” Har ni bai ƙyale ba: “Ƙanwata ta ce in rage surutu a nan. Ban rage ba.” Na ƙarshe da ya rubuta yana kan jadawalin sakamakon jarrabawa na wata makaranta da muke yi wa aiki, wanda ke wargajewa a ƙananan wayoyi. Cewa ya yi: “Wannan ban gama ba. Zan dawo kansa.”

Kuma ba don mu kaɗai ya rubuta ba. Duk wanda ya san hanya zai iya buɗe bayan shafi ya karanta fayil ɗin daga ko'ina a duniya. Da gangan ya yi hakan. Duk wanda ya zo masa yana son koyo amma ba shi da halin shiga makaranta, sai ya ce masa ya je ya buɗe bayan shafinmu ya karanta daga sama har ƙasa. Har yau saƙo yana shigowa daga mutanen da ba mu taɓa gani ba. Wata mata ta rubuto cewa da fayil ɗin nan ta koyi aikin da take riƙe 'ya'yanta da shi, tana tambaya ko za ta iya gaisawa da mai barkwancin nan. Ranar na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

To ga inda gizo ke saƙar. Akwai wata manhaja da ake ba wa fayil ta matse shi. Ta kwashe duk filin da aka bari, ta haɗe layuka, ta share duk bayanin gefe, ta dawo maka da abu layi ɗaya dogo kamar igiyar shanya. Na'ura ba ruwanta, ta fi ma son haka, don ya fi sauƙin ɗauka. Mutum kuwa ko ya sa tabarau ba zai gane komai ba. Wannan abin Auta yake so a yi wa rubutun Yaya.

Hujjarsa wai shafin makarantar yana da nauyi. Wai ranar da sakamako ya fito iyaye suna buɗewa a ƙananan wayoyi, ga sabis ba ƙarfi, sai allon ya tsaya fari fat, data tana zurarewa. Wai fiye da rabin fayil ɗin surutun Yaya ne. Surutu, Gwaggo! Da bakinsa ya faɗa. Mai makarantar kuma ya kira ya ce in aka maimaita haka a zango mai zuwa zai kai aikinsa wani wuri. Na ce a fara rage hotunan da mai makarantar yake cusa mana, mutumin da ke son hotonsa a kowane lungu na shafi, har da wanda yake yanka kek. Auta ya ce za a rage hotuna, amma fayil ma sai an matse. Na ce ba da ni ba. Iyayen da suka jira wata uku kafin sakamako ya fito, ɗan jiran da za su ƙara ba zai kashe su ba.

Ashe yaron nan ta ciki na ciki. Wata rana na kai Mama asibiti a duba mata ido, muna zaune a layi na ciro waya don in rage zaman, na buɗe bayan shafin kamar yadda na saba. Gwaggo, layi ɗaya na gani. Babu shuɗin sama, babu “je ka ci abinci”, babu komai, sai haruffa a cunkushe. Mama tana tambayata ko lafiya, ni kuwa ina ta jan allon sama da ƙasa ina neman layinsa ko ɗaya. Sai na ji kamar ranar aka sake yi mana rasuwa.

Da na isa ofis ban ko yi sallama ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ya tarbe ni da fara'a, wai in zo in ga yadda shafin yake buɗewa kafin ƙiftawar ido. Ya zaro wani ɗan filashi daga aljihu ya ce in kwantar da hankalina, ainihin fayil ɗin yana ciki, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Yayana a cikin filashi, a aljihun wando, tare da makulli da ɓawon alewa! Na fizge shi, na mayar da fayil ɗin inda yake, na canja kalmar sirrin wurin da muke ɗora shafuka. Yanzu ni kaɗai na san ta. In ya gama aiki sai ya turo min, in duba, in ɗora.

Na san abin da za ki ce, don shi ma ya faɗa: a ajiye kwafi biyu, mai bayani a ofis, matsattse a intanet. Ni ma 'yar sana'ar ce, na san haka ake yi. Amma wanda ke ofis wa zai karanta shi? Yaya bai rubuta don a kulle a durowa ba. Ɗan koyon da zai buɗe bayan shafinmu gobe, igiyar shanya zai tarar?

Kuma kada ki ɗauka Auta ya damu da rubutun. Ina lura da shi. In ya buɗe fayil ɗin ba ya karanta ko layi ɗaya na bayanin. Ya saita kwamfutarsa tana naɗe su don kada ma ya gani. In aiki ya kai shi kan jadawalin sakamako, sai ka ga ya yi tsaki, ya ture kujera, ya sauka ƙasa wai zai sayo ruwa, alhali ga ruwa a ofis. Tun rasuwar bai gyara jadawalin nan ba, kullum sai gobe. Wanda ya ɗauke shi a kafaɗa ya koya masa komai, yau ko rubutunsa ba ya son gani. Wannan in ba butulci ba mene ne?

Yanzu ya ce wani kamfani ya yi masa tayin aiki, kuma in ban ba shi kalmar sirri kafin fitowar sakamako ba zai karɓa, don shi ba yaron shagona ba ne. Muna wuni a ɗaki ɗaya ba mai ce wa wani uffan, sai ƙarar fanka. Mama ta kira ni ta ce ta binne ɗa ɗaya, ba za ta zuba ido ta ga biyun da suka rage sun zama ba sa ga maciji ba. Na ce mata ta kira wanda ya fara. Ina ƙaunar ƙanena, wallahi ina ƙaunarsa, ni na goya shi, kuma in ya tafi ban san yadda zan zauna da tebura biyu babu kowa a kai ba. Amma ko sama da ƙasa za su haɗe, ba zan bari a matse rubutun Yaya ba. Idan tafiya ce ya tafi. Ki gaya min yadda zan sa ya gane.

Daga 'Yar Tsakiya

'Yar Tsakiya, Allah ya jiƙan yayanku, ya sa abin da ya koyar ya zame masa haske. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na yi dariya a kan hoton da ya gangara ya kwanta, na share hawaye a kan matar da ta nemi gaisawa da shi. Kin ce kada in ce miki ki yi haƙuri, to ba zan faɗa ba. Amma wasu abubuwan da zan faɗa sun fi haƙuri ɗaci, sai ki gyara zama.

Bari in fara da inda kike da gaskiya, don kina da ita. Auta bai kyauta ba da ya jira kika bar ofis sannan ya yi abin da kuka riga kuka yi jayayya a kai. Abin da ya shafi mamaci ba a yi wa ɗan'uwa bazata da shi, ko da an ajiye kwafi goma. Kuma rubutun nan ba surutu ba ne, makaranta ce da ba ta karɓar kuɗin kowa. Duk wanda ya ce a share shi ya ɓace, ni ma ina bayanki.

Sai dai ba wanda ya ce a share shi. Ni ba 'yar sana'arku ba ce, don haka na hau sama na sami mai kula da shafin jaridarmu na karanta mata matsalar. Ta ce matse fayil kafin a tura shi wayoyin mutane abu ne da kusan kowa yake yi, kuma ainihin rubutun ba a taɓa shi, a kansa ake ci gaba da aiki. Ta ce maganarki ta hotuna ma tana da ƙarfi, sau da yawa su ne suka fi nauyi, don haka ku auna ku gani a maimakon musu: ku rage hotuna ku gwada, ku matse fayil ku gwada, a kan ƙaramar waya irin ta iyayen, ba a kan kwamfutar ofis ba. Gani ya kori ji.

Game da ɗan koyon da kike tsoron zai tarar da igiyar shanya, ta yi wata tambaya da nake miƙo miki. Me ya hana ku buɗe wa rubutun Yaya shafinsa na kansa, cikakke, a tsare yadda ya bar shi, da mahaɗi a fili wanda kowa zai danna? A yanzu sai wanda ya san hanyar bayan gida yake ganinsa. Matar da ta rubuto muku sa'a ta yi. Mutum nawa ne suka wuce ta ƙofarku ba su san akwai malami a ciki ba? Ta ƙara da cewa yawancin manhajojin matsewa suna barin bayanin da aka yi wa wata alama ta musamman. Kenan ko a cikin matsattsen za ku iya barin layi ɗaya a sama, ya nuna wa mai leƙe inda cikakken yake. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu ga mai ɗacin. Kin ce iyaye su ƙara jira ba zai kashe su ba. Wannan maganar ba ta yi kama da ta ƙanwar mutumin da ya ce wa ɗan koyo ya je ya ci abinci tukuna ba. Uwar da ke tsaye a bakin titi tana ɗaga waya sama tana neman sabis, datarta na ƙarewa, tana son ganin ko ɗanta ya ci jarrabawa, ba ta san yayanki ba, kuma ba ita ya kamata ta ɗauki nauyin makokinki ba.

Sai batun kalmar sirri. Wurin nan naku ne ku biyu, kamar yadda Yaya naku ne ku biyu. Ranar da kika kulle Auta a waje, ba fayil kaɗai kika ƙwace ba, kin nuna masa cewa ke ce magajiya shi kuma ɗan aike. Ba ɗa mai zuciya da zai zauna a haka. Ki mayar masa da ita yau, ba gobe ba, kuma ba tare da sharaɗi ba. Ban-haƙurin da kike bin sa zai zo, amma ba zai zo ta ƙofar da kika datse ba.

Abu na ƙarshe ke da kanki kika rubuta shi, amma fushi ya hana ki gani. Kin ce yana naɗe bayanan don kada ya gan su. Kin ce in ya isa jadawalin sakamako sai ya tashi ya sauka sayen ruwan da akwai shi a ofis. Me aka rubuta a kan jadawalin nan, 'yata? “Zan dawo kansa.” Ke kina buɗe fayil ɗin ne lokacin da kika so, ki ji muryar yayanki, ki yi kukanki, ki rufe. Shi kuwa aiki ke tura shi ciki, ya shirya ko bai shirya ba, kuma duk lokacin da ya je gyara wurin sai ya tarar da yayansa yana yi masa alƙawarin zai dawo. Ban san zuciyar Auta ba, amma na ga butulai da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wanda yake gudu daga ɗaki haka ba. Ke kewa ta sa ki riƙe rubutun, shi kuma ina jin kewar ce ta hana shi kallonsa. Kin taɓa tambayarsa abin da yake yi a ƙasan bene?

Don haka ga shawarata. Ki rubuta kalmar sirrin ki ajiye masa a kan teburinsa. Ki gaya masa batun shafin Yaya, ki bar shi ya zaɓi layin da za a bari a sama, don shi ma yana da wanda ya fi taɓa shi ko da bai faɗa ba. Sannan kafin sakamako ya fito, ki jawo kujerarki kusa da tasa, ku buɗe jadawalin nan tare. Yaya ya ce bai gama ba, kuma ba zai dawo kansa ba. Ku ya bar wa. In kun gyara shi, kada ku goge layinsa, ku rubuta a ƙarƙashinsa cewa kun gama, ku sa hannu ku biyun.

Rubutun yayanki yana da kwafi, kin ma gan shi a filashi. Auta ba shi da kwafi. Allah ya sanyaya zukatanku, ya ƙara wa Mama lafiyar ido, ya nuna mata ku biyu kuna faɗa a kan launi kamar da.

Gwaggonku